Tsarin Launin Kyamara da Amanar Mai Shaida

A cikin jerin saitunan kusan kowace kyamarar zamani akwai wani zaɓi da yawancin masu ɗaukar hoto ke wucewa ba tare da sun taɓa shi ba, wato tsarin launi, wanda shi ne ƙa'idar da kyamara ke bi wajen mayar da hasken da ta karɓa ya zama hoton da ido zai gani. Kamfanin Canon ya sa wa nasa suna Picture Style tun daga kyamarar EOS 5D ta shekarar 2005, Nikon na kiran nasa Picture Control, Fujifilm kuwa ya ba nasa sunayen tsofaffin nau'o'in fim ɗin da ya daɗe yana sarrafawa, irin su Provia da Velvia da Astia. Duk da bambancin sunaye, zaɓin ya kasu gida biyu. Akwai tsarin da ke fitar da hoto kammalalle, ja ya yi jawur, kore ya yi shar, baƙi ya yi wuluk, sannan akwai wanda ke fitar da shi a koɗe, ba armashi, domin a bar wa mai gyara fili ya ƙarasa aikin daga baya a kwamfuta. Masu koyar da sana'ar sun saba ɗaukar wannan a matsayin batun dabara kawai, alhali a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar tambaya wadda masana falsafa da malaman fiƙihu suka daɗe suna juyawa, wato yaushe ya kamata wanda ya ga abu ya yanke hukunci a kan abin da ya gani, wa ke da haƙƙin yankewar, kuma wane nauyi ke hawa kansa idan ya jinkirta.

Ba a gane girman tambayar sai an san abin da ke faruwa tsakanin danna maɓalli da bayyanar hoto. Farantin da ke karɓar haske, wanda ya maye gurbin fim, ba ya ganin launi ko kaɗan, domin shi tarin miliyoyin ƙananan idanu ne da kowannensu ba ya yin komai sai ƙirga yawan hasken da ya faɗo masa. Don a samu launi, a yawancin kyamarori an shimfiɗa wa idanun nan mataci mai gida-gida, wanda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙira aka yi rajistarsa a 1976, inda a cikin kowane gida huɗu biyu ke barin koren haske ya wuce, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Ke nan kowane ɗigo na hoton launi ɗaya ya auna cikin uku, sauran biyun ƙiyasta su ake yi daga abin da maƙwabtansa suka auna. Bayan ƙiyasin sai a tsayar da abin da za a ɗauka a matsayin fari, a yanke yadda tazara za ta kasance tsakanin wuri mai haske da wuri mai duhu, a ƙayyade kaurin launi, wato yawan cikarsa da ƙarfinsa, a kuma kaifafa gefunan abubuwa. Lambobin da aka auna kafin duk wannan sarrafawa su ne ɗanyen fayil, wanda ke zuwa da sunan RAW, kuma yakan riƙe matakan haske 4,096 ko 16,384 a kowane ɗigo. Hoton da aka gama sarrafawa aka matse shi a tsarin JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, matakai 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, abin da aka zubar a hanya kuwa ya tafi ke nan.

Daga nan ake gane cewa babu hoton da ke fitowa daga kyamara ba tare da an fassara shi ba, kuma wannan ba zai ba wanda ya san tarihin ilimin gani mamaki ba. Al-Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya kuma rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya bayyana cewa abin da ido ke karɓa tsantsa haske ne da launi, amma sanin nisan abu da girmansa da siffarsa, har da gane ko wane launi ne ake kallo, aiki ne na rarrabewa da ƙiyasi da tunawa, wanda hankali ke yi da saurin da mutum ba ya ankara da shi. Farar riga a gaban fitilar kananzir hasken da take mayarwa ruwan ɗorawa ne, a inuwar bango da tsakar rana kuwa ya karkata zuwa shuɗi, amma mai kallo fara yake ganinta a duka halayen biyu, saboda hankalinsa ya riga ya gyara kafin ya sani. Kyamara ba ta da wannan hankali, don haka dole a ba ta ƙa'idar da za ta tsaya a madadinsa, kuma tsarin launi wani yanki ne na wannan ƙa'ida.

Wannan ya taɓa wata hujja mai tasiri a fiƙihun hoto. Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar ya kuma rasu a 1935, ya rubuta risala a kan halaccin hoton kyamara, inda ya kafa hujja da cewa mai kyamara ba ya ƙirƙirar sura kamar mai sassaƙa ko mai zane, abin da yake yi bai wuce tsare inuwar abin da Allah ya riga ya halitta ba. Malamai da dama sun bi shi, wasu sun saɓa masa suka hana hoto sai don lalura, kuma warware wannan saɓani aikin ma'abota fatawa ne. Abin lura a nan shi ne hujjar ta jingina ga cewa hannun mutum bai shiga tsakanin abu da surarsa ba. To idan har ɗanyen fayil ba ya zama hoto sai wani ya yanke yadda fari zai kasance da inda duhu zai fara, hannun mutum ya shiga ta wata fuska. Wannan bai rushe hujjar ba, domin har yanzu haske ne ke zana siffofi ya ajiye kowace a mazauninta, amma ya nuna cewa a cikin abin da aka kira tsare inuwa akwai yanki na zaɓi, kuma mutum abin tambaya ne a kan abin da ya zaɓa.

Wanda ya bar kyamararsa a kan tsarin da ta zo da shi daga kamfani yana iya zaton bai zaɓi komai ba, amma a haƙiƙa ya miƙa hukuncin ne ga injiniyoyin da suka tsara ta, waɗanda ba su halarci wurin da ya halarta ba, suka kuma gina ƙa'idarsu a kan abin da suke hasashen zai burge mafi yawan masu saye. Tarihi ya nuna cewa irin wannan hasashe ba ya yi wa kowa adalci daidai. Tun daga shekarun 1950 ɗakunan wankin hoto sun riƙa daidaita injinansu da wani kati na Kodak da ya shahara da sunan katin Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya farar fata, kuma da fatarta ake auna ko launi ya zauna daidai. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada ta nuna a wani bincike da ta wallafa a 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa aka inganta yadda fim ke ɗaukar launuka masu duhu akwai koke-koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda ke son a ga bambancin kayansu a talla, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Abin baƙin ciki ne a ce darajar kujera da alewa ta riga darajar fuskar mutum isa kunnen masu tsarawa. A zamanin waya ma sai da kamfanin Transsion, mai yin Tecno, ya mayar da kyautata hoton baƙar fata hanyar cin kasuwar Afirka, Google kuma ya fito da tsarin Real Tone a 2021, wanda fitowarsa kanta shaida ce cewa abin da ake kira tsarin kowa da kowa a da bai haɗa da kowa ba.

Mai hoton da ke aiki a ƙasar Hausa ya san wannan matsala a aikace ko da bai san tarihinta ba. Dattijo baƙi ya fito da farar babbar riga ta shadda da rana tsaka, an yi mata aikin aska takwas da farin zare, ga rawani ya jefa inuwa a kan goshinsa. Tazarar da ke tsakanin hasken rigar da duhun fuskar ta kai maƙurar abin da farantin kyamara ke iya ɗauka, tsarin da ke ƙara tazarar haske da duhu kuwa sai ya tura kowane ɓangare zuwa ƙarshensa, rigar ta zama farin fili wanda aikin zaren ya ɓace a cikinsa, fuskar ta dunƙule ta zama duhu mai fararen idanu. Haka nan a Hawan Daushe, jajayen rigunan dogarai su ne farkon abin da ke lalacewa a ƙarƙashin tsari mai kaurin launi irin su Vivid ko Velvia, domin jan ya kan cika ya kai mataki na ƙarshe tun kafin sauran launuka su kusa, sai ninkin rigar da inuwarta su shafe, ta zama jan tabo shimfiɗaɗɗe. Duk wanda ya ɗauki waɗannan a JPEG da irin wannan tsari ya yanke hukuncin da ba ya warwaruwa.

A nan hujjar masu barin fili take da ƙarfi, kuma hujja ce da marinan karofin Ƙofar Mata suka sani tun kafin a ƙera kyamara: ana tsoma zane a baba, a fitar ya sha iska, a duba, a sake tsomawa, domin mai haske ana iya ƙara masa duhu, wanda ya riga ya turu kuwa ba a mayar da shi baya. Ƙara tazarar haske da duhu, ko kaurin launi, ko kaifin gefe, abu ne mai sauƙi a wajen gyara, cire su bayan an gasa su a cikin hoto kuwa yana barin tabo. Shi ya sa wanda ke da niyyar gyara yake komawa ga tsarin Neutral, ko Faithful na Canon wanda aka tsara domin ya dace da launin abu a hasken rana, ko Flat da Nikon ya shigo da shi a kyamarar D810 a 2014, ya kuma rage kaifi. Ga mai ɗaukar ɗanyen fayil, tsarin launi ba ya taɓa lambobin da aka auna, alama ce kawai da aka liƙa wa fayil ɗin, wadda manhajar kamfanin ke karantawa a kuma iya sauya ta daga baya. Sai dai ko a nan yana da tasiri ta ɓoyayyiyar hanya, domin hoton da ke fitowa a bayan kyamara, da jadawalin haske, wato zanen tsaunukan nan da ke nuna yadda ɗigogin hoto suka rarrabu daga duhu a hagu zuwa haske a dama, duk daga ƙaramin JPEG ɗin da ke cikin fayil ɗin ake lissafa su. Tsari mai zafi yakan nuna tsaunin ya manne da bangon dama, wato fari ya ƙone, alhali a ɗanyen fayil da sauran sarari, sai mai hoto ya tsorata ya rage haske, ya jefa fuskar dattijon nan cikin duhun da ba dole ba.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa hoto mai koɗewa ya fi kusa da gaskiya, ko kuma cewa filin da aka bari kyauta ne. Babu wanda ya taɓa ganin duniya a koɗe kamar yadda tsarin Flat ke nuna ta, don haka shi ma ba surar abin da aka gani ba ne, ma'ajiya ce. Masana falsafar Musulunci irin su Al-Farabi da Ibn Sina, bisa abin da suka gada daga Arisɗo na Girka, sun rarrabe tsakanin samuwar abu bil ƙuwwa, wato yana iya zama, da samuwarsa bil fi'ili, wato ya riga ya zama, kuma sun fifita ta biyu a daraja domin ita ce cikar abu. Ɗanyen fayil hotuna ne masu yawa bil ƙuwwa, bai zama ko ɗaya daga cikinsu ba tukuna. Ta fuskar lissafi kuma, wanda ya cusa faffadar tazarar haske a cikin matakai 256 na JPEG ya rage wa kowane sashe rabonsa, idan ya zo buɗe shi daga baya sai sararin sama ya fashe ya zama layi-layi maimakon ya sulale a hankali, inuwa kuma ta cika da gurɓataccen ɗige-ɗige. Haka abin yake ga masu ɗaukar bidiyo da koɗaɗɗen tsarin log, wanda asalinsa ke komawa ga tsarin Cineon na Kodak a farkon shekarun 1990, aka kuma gina shi a kan matakai 1,024: idan aka yi amfani da shi a kyamarar da ke rubuta matakai 256 kawai, yakan jawo ɓarnar da ta fi amfaninsa. Ko zaɓin faffadan filin launi na Adobe RGB na 1998 a maimakon sRGB na 1996 yana da irin wannan tarko, domin hoton yakan fito a dushe a wayar da ba ta san yadda za ta karanta shi ba.

Manyan masu hoto sun rabu a kan wannan tun zamanin fim. Ansel Adams na Amurka, wanda ya fara da koyon kiɗan fiyano, ya ɗauki nagatif a matsayin rubutaccen kiɗa, wankin hoton kuwa a matsayin kaɗa shi, kuma ya rayu a kan wannan ra'ayi. Hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez da ke jihar New Mexico, wanda ya ɗauka ranar 1 ga Nuwamba 1941, ya wanke shi fiye da sau 1,300 cikin shekaru kusan arba'in, kuma sararin saman da ke da haske da gizagizai a wankin farko ya yi ta yin duhu har ya kusa zama baƙi a na ƙarshe. A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda suka yi aiki da fim irin Kodachrome, wanda ya fito a 1935 aka daina yinsa a 2009, inda abin da ya shiga kyamara shi ne hoton ƙarshe, ba wurin gyara, kuskure kaɗan wajen auna haske ya lalata komai. Waɗannan sun koyi wata tarbiyya da ba a raina ta, ta jiran hasken da ya dace da yanke shawara a gaban abin da ake ɗauka. Adams ba ya da'awar ba da labari, mai fasaha ne da ke bayyana abin da ya ji a ransa, don haka babu wanda ya yaudara. Tambayar tana tsananta ne idan hoto ya tsaya a matsayin shaida.

A shekarar 2015 manyan cibiyoyi biyu na hoton jarida sun ɗauki matakai masu karo da juna, kowace da sunan kare gaskiya. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya sanar da masu yi masa aiki daga waje a watan Nuwamba cewa ya daina karɓar hotunan da aka sarrafa daga ɗanyen fayil, sai JPEG ɗin da kyamara ta fitar tare da ɗan gyara kaɗan, saboda sauri da kuma son hoto ya tsaya a kan abin da ido ya gani. Gasar World Press Photo kuwa tana neman ainihin fayil ɗin daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe domin ta gwada shi da abin da suka gabatar, kuma a wannan shekarar ta kori kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka kai gab da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce iyaka. Matakin Reuters yana da uzurinsa a aikin da ake tsere da lokaci, amma a matsayin ra'ayi game da gaskiya bai tsaya da ƙafafunsa ba, tunda ya mayar da hukuncin ne ga injiniyan da bai ga komai ba, kuma mai son ƙari yana iya zaɓar tsari mai zafi a cikin kyamarar tun kafin ya danna. Matakin gasar ya fi dacewa da yadda abin yake. An ga amfanin irinsa tun a 2013, lokacin da aka zargi Paul Hansen na Suwidin da haɗa hotonsa na jana'izar yara biyu a Gaza daga hotuna daban-daban, masana suka duba ɗanyen fayil ɗin suka tabbatar cewa kowane abu yana inda yake, haske da launi ne aka gyara sosai. Sai dai kada a ɗauka gyaran haske kaɗai ba ya iya zama ƙarya. A watan Yunin 1994 mujallun Time da Newsweek sun buga hoto guda na O. J. Simpson, Ba'amurke baƙar fata, wanda 'yan sanda suka ɗauka, Time ta duhunta fuskarsa, kuma ajiye mujallun biyu gefe da gefe ya isa ya nuna wa duniya cewa an yi amfani da duhun fata wajen nuna mutum a matsayin abin tsoro.

Malaman hadisi sun fuskanci tambaya mai kama da wannan, kuma yadda suka warware ta yana da amfani a nan, ba a matsayin ƙiyasin da za a fitar da hukuncin shari'a da shi ba, a matsayin hanyar tunani. Sun rarrabe tsakanin tahammuli, wato ɗaukar labari a lokacin da aka ji shi, da ada'i, wato isar da shi daga baya, kuma sun yi saɓani a kan ruwaya da ma'ana, wato mai ruwaya ya isar da abin da ya ji da lafazin da ba shi ne ainihin wanda ya ji ba. Wasu magabata, irin su Muhammad Ibn Sirin, sun tsananta a kan riƙe lafazi, mafi yawa kuwa sun yarda da ita da sharaɗin mai ruwayar ya kasance masanin harshe, wanda ya san abin da ke sauya ma'ana da abin da ba ya sauyawa. Sun kuma ce kiyayewar mai ruwaya iri biyu ce, ta ƙirji da ta littafi, wato haddarsa da rubutun da ya adana bai bari an taɓa ba. Gyaran hoton shaida yana kan wannan matsayi. Wanda ya buɗe inuwa har fuskar dattijo ta bayyana kamar yadda ya gan ta da idonsa ya isar da ma'ana, ko da lambobin sun sauya, wanda ya mayar da hazon hunturu shuɗin sama garau ko ya ƙara wa hayaƙin gobara duhu don ya firgita mai kallo kuwa ya sauya ta. Sharaɗin ƙwarewa ma yana nan daram, domin wanda bai san yadda ƙara kaurin launi ke mayar da baƙar fata ja-ja ba, filin da ya bar wa kansa ya fi zama masa fitina fiye da alheri, kuma tsari matsakaici da kyamara ta gama ya fi masa aminci.

Raunin da ke cikin wannan duka shi ne ma'aunin da mai gyara ke komawa gare shi, wato abin da ya tuna ya gani, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wani bincike da C. J. Bartleson na Kodak ya wallafa a 1960 ya nuna cewa mutane suna tuna launukan abubuwan da suka saba da su, kamar ciyawa da sararin sama, da kaurin da ya fi na haƙiƙa. Ke nan wanda ya zauna gyaran hoto bayan wata shida ba abin da ya gani yake maidowa ba, abin da yake so a ce ya gani ne. Fiƙihun Malikiyya yana da wata ƙa'ida da ta dace da wannan hali a babin ciniki bisa zaɓi, wanda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Mukhtasar na Khalil. An yarda a ƙulla ciniki a bar ƙofar fasawa a buɗe domin a gwada kaya ko a yi shawara, amma sai da wa'adi sananne wanda ya dace da kayan, kamar wata guda a gida da 'yan kwanaki a dabba ko tufa, kuma wa'adin da ba a sani ba ko wanda ya zarce ƙima yana ɓata cinikin. An kuma ce muddin zaɓin yana nan, lamunin kayan yana wuyan mai sayarwa. Hikimar da ke ciki ita ce jinkirta hukunci halal ne idan don a ƙara sani ne, kuma nauyi ba ya sauka daga kan mutum a tsawon jinkirin.

Mafi yawan ɓarnar da barin fili ke haifarwa daga rashin wannan wa'adi take zuwa. Kalmar nan ta "a gyara daga baya" ta zama mafakar wanda bai tsaya ya auna haske ba, bai matsar da amarya daga rana zuwa inuwa ba, bai jira gajimare ya gifta ba, alhali akwai abubuwan da babu fayil ɗin da ke ajiye su, kamar inda haske ya fito, da lokacin da aka danna, da farin da ya riga ya ƙone a kan farantin kansa. Malaman tarbiyya, ciki har da Imam al-Gazali a Ihya'u Ulumid Din, sun yi dogon gargaɗi a kan taswifi, wato ɗage aiki zuwa gobe bisa dogon buri, kuma sun bambanta shi da natsuwar da ake yabo, wadda ke jinkirta abu har a gane shi. Dubban ɗanyun fayiloli da ke kwance a ma'ajiyar kwamfuta, na bikin da aka riga aka yi sunan ɗan fari ba a kai wa iyalin hotonsa ba, haƙƙin mutane ne da aka karɓi kuɗinsu. Wanda ya san aikinsa na gaggawa ne, ko ba shi da kwamfutar da za ta ɗauki nauyin gyara, ko wutar da zai kunna ta, ya fi kusa da cika alƙawari idan ya zaɓi tsari mai sauƙin zafi, ya daidaita farinsa a wurin, ya gama hotonsa a cikin kyamara. Wanda zai yi gyara kuwa yana da hanyar ƙarfafa tunaninsa da rubutu, ta ɗaukar ɗanyen fayil tare da JPEG matsakaici a lokaci guda, da sanya kati mai ruwan toka a hoto na farko domin ya zama ma'aunin fari, da fara aikin tun abin da ya gani bai dushe ba.

Akwai kuma inda filin gyara ke zama ƙofar algus kai tsaye. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma nisanta mai algus daga tafarkinsa. Mai sayar da atamfa ko shadda ta intanet wanda ke ƙara wa hoton kayansa kaurin da ba su da shi yana ƙarƙashin wannan gargaɗi, kuma mai hoton da ya yi masa aikin abokin tarayyarsa ne. Batun haskaka fatar amarya ko ango ya fi wannan sarƙaƙiya, domin sau da yawa waɗanda ke cikin hoton ne da kansu ke nema, kuma kowa ya san hoton biki ado ne. Amma akwai bambanci tsakanin fito da fuska daga duhun da kyamara ta jefa ta, wanda gyara ne na zaluncin na'ura, da sauya launin da aka halicci mutum da shi zuwa wanda kasuwar man bilicin ta koya wa jama'a so. Maɓalli ɗaya ne ke yin duka biyun a manhajar gyara, inda aka tsayar da shi ne ya bambanta.

Wata mas'ala da ke biyo baya ita ce ta wanda zai riƙe ɗanyen fayil ɗin. Masu hoto da yawa ba sa ba da shi ga wanda ya ɗauke su aiki, kuma akan fassara hakan da rowa ko kare kasuwa, amma yana da wani dalili da ya fi wannan. Filin da aka bari a cikin fayil ba ya tambayar ko wane ne ya buɗe shi, yana ba edita a ofis, da mai tallan ɗan siyasa, da duk wanda ya same shi, irin damar da ya ba wanda ya tsaya a wurin, alhali waɗannan ba su da abin tunawa da za su auna gyaransu da shi. A ɗaya hannun kuma, ɓoye shi gaba ɗaya yana hana a binciki mai hoton idan an zarge shi, kamar yadda aka binciki Hansen aka wanke shi. Abin da ya fi dacewa da matsayin shaida shi ne mai hoto ya gama hotonsa da kansa ya fitar da shi da sunansa, ya adana asalin ba tare da ya taɓa shi ba, ya kuma kasance a shirye ya nuna shi ga wanda ke da haƙƙin tambaya, ko alƙali ne, ko edita, ko iyalin wanda ke cikin hoton.